Musayar Waƙa: Annabin Waya da Alkawarin Ubangiji

'Yar Umdurman, daga Port Sudan

Salama gare ku. Ga damuwata a baiti, mai amsa ya ɗora.

Yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya raba mu da gida,
Muka sauka Wad Madani da ɗan ƙunshin kaya.
Disamba ta zo, Madani ma ta faɗa hannun mayaƙa,
Maigida ya fita neman mota, har yau bai dawo ba.
Ga wani a WhatsApp, wai shi annabin Allah,
Ya ce in shuka iri, in tura kuɗi ta waya.
Zai aiko kwalbar mai in shafa a ƙofa,
Kwana 40 maigida zai yi sallama.
Har sunan unguwarmu ya kira, jikina na rawa,
Baba, Mama, in tura ne ko in dakata?

Baban Gadarif

'Yata, share hawaye, Irmiya 28 ki duba,
Hananiya ne, annabin ƙarya, a Haikali yana ta shela.
Ya ce shekara 2 za a karya karkiyar Babila,
Ya cire ta itace a wuyan Irmiya ya kakkarya.
Wa zai ƙi jin haka, wa ba ya son komawa?
Allah ya ce ta ƙarfe ce za ta maye gurbinta.
A wata na 7 na shekarar, Hananiya ya kwanta dama,
Zaman bauta kuwa shekara 70 aka rubuta.
Wasiƙar Irmiya cewa ta yi ku gina gida,
Ku dasa lambu, ku roƙa wa birnin salama.
Sunan unguwa kuma, 'yata, ba wahayi ba,
Yana cigiyarki ta Facebook, kowa ya karanta.

Ɗan Madani

Baba, a gafarce ni, yaro zai sa baki,
Haƙuri da daɗin faɗi, haɗiyarsa ke da ɗaci.
Na ga uwa ta sume a layin burodi,
Goyo a baya, hannunta riƙe da katin agaji.
Bulus ya hana mu raina annabci,
1 Tasalonikawa 5:20, ba ni na ƙaga ba, ku ji.
In Allah ne ya aiko bawansa da taimako cikin ƙunci,
Mu kore shi don ya ambaci kuɗi?

Uwar Marayu, daga Port Sudan

Ɗana, ka tsaya a aya 20, ƙarasa ta gaba,
A gwada kome, a riƙe mai kyau, ita ce cikonta.
Mutanen Biriya ko wa'azin Bulus sai da suka bincika.
Ayyukan Manzanni 8 ya ishe mu shaida:
Siman ya miƙa kuɗi a Samariya,
Bitrus ya tsawata masa, baiwar Allah ba a saya.
A babin nan dai ga ma'ajin Kandaka,
Sarautar matan ƙasar nan, masu kaburburan dala a Bajrawiya.
Baitulmalin sarauniya duk a hannunsa,
Filibus ya buɗe masa Ishaya, ya yi masa baftisma,
Ko sisi bai ce a ba shi ba.
Wanda ya dubi matar da ke kwana a ajin makaranta,
Ya ce kawo kuɗin abincin 'ya'yanki ki shuka,
Raina ya ɓaci da shi, ba zan ɓoye ba.

'Yar Umdurman

Mama, na ji, amma dare yana da tsawo,
Ƙaramar tana tambaya yaushe Baba zai zo.
In babu kwana 40, me zan riƙe har ya dawo?

Baban Gadarif

Ba zan yanka miki rana ba, ba a ba ni ba,
Ko inda yake a daren nan, ni ban sani ba.
Abin da aka rubuta shi zan miƙa:
Ishaya 43, in kin bi ta ruwa yana tare da ke, 'yata,
Ba a ce ruwan ba zai zo ba, an ce ba zai shanye ki ba.
Ibraniyawa 13:5, ba zai bar ki ba, ba zai yashe ki ba.
Mai alkawarin ya riga ya biya da jini a Kalfari,
Don haka ba ya aiko lambar asusu ga masu kuka.

Ɗan Madani

Mama, na karɓi aya ta 21, na gode da gyara.
Yaya, ga abin da hannu zai iya:
Red Cross da takwararta Hilal Ahmar suna cigiyar waɗanda suka ɓata,
Kyauta ne, a kai suna da hoto da ranar rabuwa.
Ina nan gari, in kin shirya zan raka ki da kaina.

'Yar Umdurman

Na toshe lambarsa, kuɗin na sayi dawa,
An kai niƙa, gobe yara za su ci gurasar kisra.
Ƙanena, Litinin da safe ka zo, hoton yana jaka.
Baba, Mama, ranar Lahadi ku sa maigida a addu'a,
Ku sa matan ajinmu ma, su uku sun riga sun tura.