'Yan sanda sun karɓe wuƙaƙena a mota, sun ce in zo ranar Alhamis

Mai Tsire:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni fawa gadonta na yi. Kakana mahauci ne, babana ma haka, tun ina firamare nake tsaya masa a tukuba bayan la'asar, ni ke soka nama a tsinke, ni ke barbaɗa ƙuli. Na zo Ingila a 2023 da bizar kula da tsofaffi, amma hannu bai manta ba, duk wanda ya ci balangu a wani suna ko walima a yankinmu ya san aikina. Wuƙaƙe biyun da nake aiki da su na marigayi babana ne, a cikin babban akwati na zo da su, babu wanda ya ce mini uffan a filin jirgi.

To daren Talata ina dawowa daga aiki wajen ƙarfe 11, 'yan sanda suka tsayar da ni wai fitilar baya ɗaya ta mutu. Ni da kaina na buɗe but in nuna musu na sayi sabon ƙwan fitila ban dai sa ba. Sai ga wuƙaƙen naɗe a tsumma. Suka ce akwai wata? Na ciro 'yar ƙarama daga aljihu na miƙa. Ba su kama ni ba, sun dai karɓe duka ukun, suka ce in zo ofishinsu ranar Alhamis mai zuwa a yi mini tambayoyi, wai da yardata ne. Matata tana da tsohon ciki, ban ma gaya mata ba. Laifi ne mutum ya ajiye kayan sana'arsa a motarsa? Kuma za su mayar mini da su?

Alhaji Tsohon Zama:
Wa alaikumus salam. Ɗana kwantar da hankalinka, shekarata 31 a ƙasar nan, babu irin da ban gani ba. Kuskurenka ɗaya ne, ka ɓoye. Bature ba ya son ɓoye-ɓoye. Da a kan kujera ka shimfiɗa su kowa na gani, da ba su ce komai ba. Ranar Alhamis ka sa kaya masu kyau, ka je kai kaɗai, ka ba su haƙuri. Kada ka ja lauya, wanda ya zo da lauya shi ne mai abin ɓoyewa. Za su yi maka gargaɗi a rubuce, ka sa hannu, magana ta mutu.

Maman Hanif:
Allah ya kyauta. Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake tare yaranmu. Ɗana mai shekara 17 sau biyu ana caje shi a tashar bas, ko reza ba a samu ba, yanzu ko masallaci ba ya son fita in dare ya yi. Ɗan maƙwabciyata kuwa ko kallon banza ba a taɓa yi masa ba, kun dai san dalili. Wallahi wani lokacin sai in ji kamar in tattara su mu koma Kaduna.

Ɗaliba Mai Karatun Lauya:
Baba Alhaji, tuba nake, amma maganar ɓoyewa ba haka take a nan ba. A wasu jihohin Amurka ne ake bambanta wuƙar ɓoye da ta fili. A Ingila sashe na 139 na dokar hukunta laifuka ta 1988 cewa ya yi laifi ne a same ka a wurin jama'a da abu mai kaifi ko tsini ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko a kube yake, ko a aljihu, ko ka ɗora a ka kamar tallan goro. Mota kuma in tana kan titi, wurin jama'a ce. Abin da aka ɗauke wa kawai shi ne 'yar wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62. Dokar ta ambaci dalilai kamar aiki, addini da kayan gargajiya na ƙasa, amma kai ne za ka tabbatar da dalilin, ba su ba. Hukuncin yana iya kaiwa shekara 4.

Yaya Mai Tsire, tambaya biyu. Yaushe ka yi gashin ƙarshe? Kuma 'yar ƙaramar, in ka buɗe ta tana kullewa sai ka danna wani abu kafin ta rufu?

Mai Tsire:
Sunan ranar Asabar aka yi. Na bar su a but ne saboda ina da yara ƙanana a gida, ɗakinmu kuma kun san yadda ɗakunan nan suke, ba wurin ajiya. Ashe kiyaye yara ma laifi ne? Ƙaramar tana kullewa, amma ko tsawon ɗan yatsana ba ta kai ba, lemo nake ɓarewa da ita a wurin aiki.

Ɗaliba Mai Karatun Lauya:
To nan gizo ke saƙar. Tun shekarun 1990 kotu ta yanke cewa wuƙar da ke kullewa ba ta cikin waɗanda aka ɗauke wa, komai ƙanƙantarta. Sannan da ranar Asabar ɗin aka tare ka kana hanyar suna ko kana dawowa, da hujjarka ta fi tsayuwa. Daga Asabar zuwa Talata kwana uku ne, za su tambaye ka me suke yi a motar, kuma kotuna ba su cika karɓar "na manta" a matsayin dalili ba. Don Allah kada ka shiga ɗakin nan kai kaɗai. Lauya a ofishin 'yan sanda kyauta ne, ko da yardarka ka je, kuma duk abin da ka faɗa naɗa ake yi.

Alhaji Tsohon Zama:
'Yata, karatu daban, zama daban. Littafi kike faɗa, ni mutane nake faɗa. A 1998 an tare ni da rabin rago da wuƙa a mota, na yi musu bayanin Sallah, har dariya muka yi muka rabu. Kuma tunda ke kika kawo maganar addini da al'ada, 'yan Sikh ba da wuƙarsu suke yawo ba? Mutanen Sikotlan ba sa soke tasu a safa? Shi ma ya ce gadonsa ne, al'adarsa ce. Mu ma ba daga sama muka faɗo ba.

Ɗan Damagaram:
Alhaji ya yi gaskiya a nan. Mu a wajenmu Buzu da takobinsa yake shiga kasuwa, Bafillace da sandarsa da addarsa, babu mai ɗaga kai ya kalle su. Amma ni a Jamus nake, nan wuƙar da ba ta naɗewa in ruwanta ya wuce santimita 12 ba a yawo da ita, haka wadda ake buɗewa da hannu ɗaya ta kulle. Bayan harin wuƙa da aka kai a garin Solingen a 2024 ma sun ƙara matsawa a wuraren bukukuwa. Ni yanzu ko abin yanke farce sai na duba shi sau biyu.

Ɗaliba Mai Karatun Lauya:
Baba, kirpan, wato wuƙar 'yan Sikh ɗin, wajibi ce a addininsu, ta Sikotlan kuma tare da cikakken kayan gargajiyarsu ake sa ta. Wuƙar fawa a but ranar Talata da dare ba ta shiga ko ɗaya. Gargaɗin da kake cewa ya sa wa hannu kuma ba a ba da shi sai mutum ya amsa laifi, kuma yana fitowa a binciken DBS, wato takardar tarihin laifin mutum da ake dubawa kafin a ɗauke shi aiki. Aikinsa kula da tsofaffi ne, da wannan takardar ake ɗaukarsu.

Baban Ummi:
Akwai wani ramin da ba ku hango ba. In ya ce wuƙar aiki ce, za a ce wane aiki? Irin bizarmu ƙarin aiki ba ya wuce awa 20 a mako, kuma ba kowace sana'a aka yarda da ita ba. Kada garin gyaran gira a rasa ido. Ni kamfanin da ya kawo ni wata huɗu suna rage mini awoyi, na yi shiru saboda takarda a hannunsu take, sai da na ci bashin kuɗin haya. Malam, me ka riga ka gaya musu a bakin titi?

Mai Tsire:
Ni ba biyana ake yi ba, ihsani ne, wani ya ba ka fam 50 wani ya ba ka cinya. Abin da na ce musu, na ce manyan na gashi ne. Da suka tambayi ƙaramar na ce ta lemo ce, kuma ina tashi aiki da dare, unguwar ba ta da kyau. Ai gaskiya na faɗa, watan jiya aka ƙwace wa abokin aikina waya a bakin ƙofa.

Ɗaliba Mai Karatun Lauya:
Innalillahi. Yaya, wannan maganar ta ƙarshe ita za ka fara gaya wa lauya. Kare kai ba dalili ba ne a nan, hasali ma yana iya mayar da ita makami a ƙarƙashin dokar 1953 mai hana yawo da makami. Ka nemo saƙon gayyatar sunan da hotunan gashin, kuma ka ga mai ba da shawara kan biza wanda ke da rajista kafin Alhamis.

Alhaji Tsohon Zama:
Kun cika tsorata yaro. Ku bar shi ya je ya yi ladabi. In ta ƙi, ni zan raka shi, na san bakin da ake yi musu.

Maman Hanif:
Ni dai ka gaya wa matarka. Ta ji a bakinka ya fi ta ga wasiƙa a ƙofa.

Mai Tsire:
Na gode duka. Ita sai bayan ta haihu, hawan jini gare ta. Lauyan kuma ina tunani, amma ni ban ga abin da na yi da zan je da lauya kamar ɓarawo ba, kuma ranar ina da aikin safe, ban san me zan ce wa manaja ba. Har yanzu dai babu wanda ya amsa mini, wuƙaƙen babana za su dawo mini da su ko sun tafi ke nan? Akwai walima ranar 14 ga wata, na riga na karɓi kuɗin nama.