Gwajin jini kafin aure: wanne za a yi, kuma a wane mataki na neman aure?

Ɗan Gyallesu:

Assalamu alaikum. Gardama ta yi yawa a majalisun samari a kan gwajin da ake yi kafin aure. Wasu na cewa in an yi na ƙanjamau an gama, wasu na cewa na jinotayif ne babba, wasu kuma na ganin duk abin raunin tawakkali ne. Sannan ana yawan jin mutum ya yi gwaji a wuri biyu, nan a ce AA, can a ce AS. Don Allah masana su warware mana: waɗanne gwaje-gwaje ne dole, a ina za a yi a nan Zariya, kuma a wane lokaci, kafin gaisuwa ko bayan sa rana?

Ma'aikacin lab, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Gwaji huɗu ne: jinotayif, rukunin jini, ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C. Zan tsaya a kan jinotayif, wato gwajin da ke nuna nau'in jinin da mutum ya gada, ko akwai gadon sikila a ciki ko babu.

Kowa yana gadon harafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma lafiyarsa ƙalau, ba abin da zai nuna a jikinsa. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, wato sikila, kashi 50 AS, kashi 25 AA. A lura da kalmar "kowane ciki". Mutane sun ɗauka in an haifi huɗu to ɗaya ne zai zo da ita, ko in na fari ya zo da ita sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ana iya jera uku duk SS. In ka buga lissafin, ma'auratan da suka haifi huɗu suna da kusan kashi 68 na samun aƙalla mai sikila ɗaya, in shida ne ya haura kashi 80. A gidajenmu kuwa haihuwa shida ba abin mamaki ba ce.

Akwai kuma harafin C da ake mantawa da shi. AS da AC suna iya haifar SC, ita ma sikila ce ko da sau da yawa ba ta kai SS zafi ba. Mai SS kuma ba a hana shi aure ba: in ya auri AA, 'ya'yansu duka AS za su zama, babu mai ciwon. In ya auri AS kuwa rabi da rabi ne.

Yanzu batun sakamako biyu. Gwajin iri-iri ne. Akwai mai arha da ake kira sikilin tes, wanda ake ɗiga jini a gilashi a duba ko ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Wannan yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, ba ya ganin C. Kada a ƙulla aure a kansa. Wanda ake buƙata shi ne ilektiroforesis: ana ɗibar jini kamar mililita 2 zuwa 3 a kwalba, a sa a kan wata takarda ta musamman, a saki lantarki, sai kowane nau'i ya ja layinsa a wurinsa. Dole a jera jinin da aka riga aka san matsayinsa a gefe don a kwatanta. In ba a sa shi ba, ko ruwan sinadarin ya tsufa, ko aka ɗauke wuta aikin bai kammala ba, layukan sai su haɗe, mai karantawa ya rubuta AA alhali AS ne. Wani lokacin ma laifin alƙalami ne, an musanya suna a jikin kwalba. Wanda ya fi duka inganci shi ne HPLC, na'ura ce ke fitar da kason kowane nau'i da lamba, amma ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samu ba.

Abin yi: a yi a wuri biyu da ba su da alaƙa, ɗaya ya zama asibitin gwamnati, kamar asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, inda akwai sashen cututtukan jini, ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. In sakamako ya saɓa, a nemi HPLC ya raba gardama. Ka tsaya ka ga an rubuta sunanka a kwalba a gabanka. Ba a buƙatar zuwa da yunwa. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku zuwa huɗu, don jinin da aka sa masa zai ɓoye nasa. Kuma kada a dogara da abin da aka rubuta a katin makaranta tun shekarun baya.

Ungozoma, Tudun Wada:

Malam ya gama magana a kan jinotayif. Ni abin da ke damuna shi ne auren da ake fasawa ba gaira ba dalili saboda sauran ukun.

Rukunin jini ba ya hana aure. In rukunin jinin mace negetif ne, na miji fozitif, matsalar ita ce jikinta na iya ƙera abin da zai yaƙi jinin jaririn ciki na gaba. Maganinsa allura ce, anti-D, cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn fozitif ne, haka ma bayan ɓari, kuma likita kan bayar da ita wajen mako na 28 na ciki. Inda ake faɗuwa shi ne ɓarin da aka yi a gida ba a je asibiti ba, sai daga baya a rinƙa rasa 'ya'ya ana cewa wabi ne ko iska. Miji ya tanadi kuɗin allurar tun ciki yana ƙarami, don tana da tsada kuma awa 72 ba ta jiran kowa.

Ciwon hanta B ya fi yawa a cikinmu fiye da yadda ake zato, kuma da yawa tun suna yara suka same shi, wajen haihuwa ko ta askar wanzami da reza, don haka a daina kallon mai shi a matsayin mazinaci. In ɗaya yana da shi ɗayan ba shi da shi, wanda ba shi da shi zai karɓi rigakafi sau uku: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Kun ga wanda ya zo gwaji saura mako biyu biki ya makara. Mai ɗauke da cutar kuma ya ga likitan hanta, a auna yawan ƙwayar, ya bar jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a mota. In uwa ce mai shi, jariri ya samu allurar rigakafin cikin awa 24 da haihuwa, ba a jira ranar suna ba.

Ƙanjamau kuma, gwajin gaggawa na yatsa ba ya kama cutar da ta shiga kwanan nan, tana iya ɗaukar har wata uku kafin ta bayyana. Shi ya sa ake yi da wuri, a maimaita gab da ɗaurin aure. Magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wanda yake sha kullum har ƙwayar ta daina fitowa a awo ba ya sa wa abokin zamansa. Amma sai an faɗa wa juna gaskiya, ɗayan ya zaɓa da saninsa.

Dattijo, Kwarbai:

Yarona, tambayarka ta lokaci ita ce asalin matsalar. Yadda ake yi yanzu, sai an kai gaisuwa, an sa rana, an kai lefe, uban yarinya ya ba kafinta kuɗin gado, an fitar da anko, sannan a tuna da gwaji don liman ya ce sai da takarda. A wannan gaɓar wa zai iya cewa a fasa? Daga nan ne ake zuwa ana roƙon a sauya harafi ɗaya a takarda, ko a tura aboki ya ba da jini a madadin ango. Wanda ya yi haka bai cuci liman ba, yaron da zai kwana yana ihu da ciwon ƙashi a sanyin hunturun Zariya shi aka cuta, da uwar da za ta ƙare ƙuruciyarta a bencin asibiti ana neman jini.

Jinotayif a san shi tun kafin a fara zance. Kowane saurayi da budurwa su san nasu tun suna sakandare, iyaye su yi wa yaransu. Ranar da yaro ya zo neman izinin fara zance, a nan waliyyi zai tambaya, kafin zuciya ta kafu. Sauran gwajin a yi kafin manya su kai gaisuwa, su biyun su je tare, kowane ɓangare da wakili ɗaya mai riƙe sirri, a karɓi sakamako daga hannun ma'aikaci, ba hoto a WhatsApp ba. In bai dace ba a ce Allah bai yi ba, ba sai an yayata wa unguwa harafin 'yar mutane ba. Na ga yadda ake gudun yarinya don an ji AS ce, alhali da ta samu AA babu komai.

Auren zumunci ya fi buƙatar wannan, domin in kaka ɗaya ce ke da S, jikokinta ta ɓangarori biyu suna iya ɗauke da shi.

Masu maganar tawakkali su tuna Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Jihar Kano ma ta mayar da gwajin doka a 2024.

Ɗan Gyallesu:

Allah ya saka da alheri Baba, da ku duka. Saura ɗaya: miji AA, mata AS, aka haifi mai sikila. Samari na cewa wannan hujja ce ɗan ba nasa ba ne.

Ma'aikacin lab, Sabon Gari:

Subhanallah, kada a yi wa matar mutane ƙazafi da takardar lab. Sau da yawa gwajin mijin ne ba daidai ba tun farko, AS ne aka rubuta masa AA. Akwai kuma wani gado da ake kira beta talasimiya: mai ɗauke da shi yana fitowa AA a gwajin takarda, wato ilektiroforesis, amma in ya haɗu da S na uwa, yaron yana zuwa da ciwon da ya yi kama da SS. HPLC ce ke nuna shi, ta hanyar wani kaso da ake kira A2 da yake hawa sama. Haka kuma gwajin takarda ba abin dogaro ba ne ga jaririn da bai kai wata shida ba, don jinin da ya zo da shi daga ciki bai gama sauyawa ba. Uba da uwa da yaro su koma a sake musu da HPLC a rana ɗaya, likitan jini ya karanta sakamakon ukun tare, yaron kuma a yi masa rajista a asibitin masu sikila ba tare da jiran ƙarshen gardamar ba.