Wuthering Heights ya gagare ni har sau biyu, in ci gaba ko in haƙura?

Fitila22:
Salam jama'a. Dan Allah masu karatun tsofaffin littattafai ku taimake ni da shawara. Watan jiya na gama Jane Eyre, wlh kwana huɗu na yi ban yi baccin kirki ba, musamman wajen da ake jin dariyar nan cikin dare daga saman bene ba a san ta waye ba, ga gobara a ɗakin Rochester, kai har leƙa ƙarƙashin gado sai da na yi. To da na ji ance Emily, ƙanwar marubuciyar Charlotte Brontë, ita ma ta rubuta nata kuma duk shekara ɗaya suka fito, 1847, sai na ce shikenan na samu na gaba. Amma sau biyu ina ɗaukar Wuthering Heights ina ajiyewa, ban taɓa wuce babi na shida ba. Sunaye sun cakuɗe min, ga wani tsoho Joseph da ko ƙamus bai san turancinsa ba, kuma ni har yanzu ban ga soyayyar da ake ta zuzutawa ba, kowa a gidan fushi yake yi har karnuka. Ni ce ban gane ba ko dama haka yake?

Anti_Mai_Karatu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ke kaɗai ba ce, nima sai a karo na uku na shige shi. Matsalar ita ce an sayar miki da shi a matsayin littafin soyayya, alhali labarin ƙiyayya ne da ramuwar gayya da aka gada daga iyaye zuwa 'ya'ya. Heathcliff yaro ne da aka tsinto a titin Liverpool, aka wulaƙanta shi, Catherine wadda yake so ta zaɓi auren mai kuɗi, ya ɓace shekara uku ya dawo da dukiya ya ce sai ya ga bayan gidaje biyun. Mutumin da ya rataye karen yarinyar da zai gudu da ita ya aura fa! In kina jiran irin Rochester za ki gaji da jira.

Abin da ya taimake ni, na ɗauki biro na zana wa ya haifi wa a bangon littafin, domin Catherine biyu ne uwa da 'ya, Linton kuma sunan dangi ne sannan sunan wani yaro ne daban. Kuma ki lura ba marubuciyar ce ke ba ki labari kai tsaye ba, wani baƙo ne Lockwood yake faɗa miki abin da mai aikin gidan Nelly ta faɗa masa, ita kuma Nelly tana da waɗanda take so da waɗanda ba ta so, da hannunta dumu-dumu a wasu ɓarnar amma sai ta wanke kanta tas. Ranar da na fara zarginta ranar littafin ya min daɗi. Joseph kuwa ki tsallake shi, ko yayarta Charlotte sai da ta sassauta maganarsa a bugun 1850 saboda mutanen kudancin Ingila ma ba sa ganewa, balle mu.

Gimbiya_R:
Ni dai gsky ki ajiye shi, rayuwa ba ta da tsawon da za ki zauna da mutanen da babu na Allah ko ɗaya a cikinsu 😂 Abin da kika so a Jane Eyre shi ne yarinya marar gata ta shiga ƙaton gida mai ɓoyayyen sirri, to Rebecca za ki nema, na Daphne du Maurier, 1938. Amarya ce aka kai ta gidan da uwargida ta mutu amma komai na gidan nata ne har yanzu, ɗakinta a gyare, rigar baccinta a shimfiɗe, ga shugabar masu aiki Mrs Danvers da ta tsani amaryar tun ranar farko. Kishi da matacciya ai ya fi kishi da mai rai ciwo, wadda ke raye ko ba komai za ki ga aibinta wata rana. Kuma har littafin ya ƙare ba a faɗi sunan amaryar ba, sunan wadda ta mutu ne a bango. Wannan kaɗai ya ishe ki.

In kin gama kuma ki nemi Wide Sargasso Sea na Jean Rhys, 1966, labarin matar nan ta Rochester da aka kulle a saman bene a Jane Eyre ne tun tana budurwa a Jamaika. Bayan shi ban sake kallon Rochester da mutunci ba, na dai faɗa miki tun yanzu kar ki ce ban gargaɗe ki ba.

Ɗan_Tarihi:
Ku dai mata kullum gida mai duhu da mai gida mai ɓacin rai, haba. Ita kanta Jane Austen ta yi wa masu irin karatun nan tsiya a Northanger Abbey, yarinya ta cika cikinta da littattafan Ann Radcliffe ta buɗe tsohon kabad cikin dare tana rawar jiki, gari ya waye ta ga ashe lissafin kayan wanki ne a takardar. Malama in ramuwar gayya ce za ki karanta ki karanta wadda aka tsara da hankali, The Count of Monte Cristo na Alexandre Dumas. An kama saurayi ranar walimar aurensa a 1815 bisa sharrin yana yi wa Napoleon aiki, ya yi shekara 14 a kurkukun If, wanda tsibiri ne na gaske kusa da Marseille a Faransa. Kar kaurinsa ya ba ki tsoro, a jarida aka riƙa fitar da shi kashi-kashi daga 1844 zuwa 1846, shi ya sa kowane babi yake ƙarewa a inda ba za ki iya ajiyewa ba. Abin da ya sa nake son irin waɗannan shi ne kana cikin nishaɗi tarihi na shiga kanka ba ka sani ba, kamar yadda Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ya sa na ji zafin cinikin bayi ta hamada fiye da duk abin da aka koya min a aji.

Anti_Mai_Karatu:
Malam Ɗan_Tarihi a dai yi hattara da ɗaukar tarihi a bakin Dumas, mutumin yakan lanƙwasa abin da ya faru in labari ya buƙata, kuma da Auguste Maquet suke aikin amma sunan Dumas kaɗai ke fitowa. Sannan da kake cewa mu mata, salon gotik ɗin nan, wato labaran gida mai duhu da ban tsoro, namiji ne ya fara shi, Horace Walpole, 1764. Kuma Monte Cristo naka me ya rage masa? Kurkuku mai duhu, gawa a buhu, dukiya a kogo, ai ɗan gidanmu ne.

Ɗan_Tarihi:
To Anti na sara miki, amma gawa a buhun nan dabara ce ba fatalwa ba 😅

Fitila22:
Nagode sosai Allah ya bar zumunci. Na zana sunayen kamar yadda Anti ta ce kuma gsky abin ya fara warwarewa, ina babi na tara yanzu inda Catherine ke faɗa wa Nelly sirrinta ba ta san Heathcliff na bayan kujera yana ji ba, kuma ita Nelly ta ga lokacin da ya tashi ya fita amma ba ta faɗa mata a lokacin ba!! Wannan mata ai munafuka ce. Rebecca na biye in sha Allah. Yaya Gimbiya wai akwai fim ɗinsa, in fara kallo ko in bari sai na gama?

Gimbiya_R:
Kar ki kuskura. Na Hitchcock na 1940 yana da kyau amma sun canza yadda Rebecca ta mutu, kuma nan ne duk gishirin yake.