Awo ko ƙididdiga? Neman sunan abin da ake gwada ɗan baya da shi a ƙwallon gora na ƙanƙara

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma nake nema, kuma ina so mu tsayar da ita a wannan zaren. A fagen wasanni Turawa suna da abin da suke kira analytics, wato gwada ɗan wasa ta hanyar bin diddigin lambobin wasansa, suna kuma da abokiyar hamayyarta da suke ce wa eye test, wato gwada shi da abin da aka gani yana yi a fili. Duk wanda ya zo kawo ta farkon cikin Hausa sai ya ce ƙididdiga ko alƙaluma, ya wuce. Wani Malam da wata Hajiya da wasu 'yan zaren sun riga sun kawo shawarwarinsu, zan kuma amsa su a ƙasa. Ni dai ban gamsu da ƙididdiga ba. Wasan da ya fi fito mini da dalilin rashin gamsuwar kuwa shi ne ƙwallon gora na ƙanƙara, wanda ake bugawa a gasar NHL ta Kanada da Amurka.

Ga wanda bai taɓa kallo ba: kowane ɓangare mutum shida ne a kan ƙanƙara, gola ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Abin da ake bugawa ba dunƙulallen ƙwallo ba ne, ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri. Gudun ya yi yawa, don haka ɗan wasa bai cika yin minti guda cur ba sai ya fita wani ya shigo, wasa na tafiya ba a tsaya ba. Maki kuma ana ba wanda ya ci, ana ba mutum biyu na ƙarshe da suka miƙa masa.

To ga mutumin da rigimar take kansa. Erik Karlsson, ɗan Suwidin, ɗan baya ne. A kakar 2022 zuwa 2023 yana San Jose Sharks ya ci ƙwallo 25, ya taimaka aka ci 76, maki 101 ke nan. Rabon da ɗan baya ya kai ɗari tun Brian Leetch a 1992. Aka ba shi kofin Norris na gwarzon 'yan baya, karo na uku, bayan na 2012 da na 2015. A wannan kakar dai ƙungiyarsa wasa 22 kawai ta ci cikin 82, kuma a lissafin ƙari da ragi Karlsson ya ƙare da ragin 26.

Ku dubi lambobin nan biyu, 101 da ragin 26. Duka biyun ƙididdiga ne. Ɗaya ta ce gwarzo ne, ɗaya ta ce ɓaraka ce a baya. Masoyinsa ya ɗauki ta farko, maƙiyinsa ya ɗauki ta biyu, kowa ya ce alƙaluma suna bayansa. Abin da ake kira analytics ya taso ne daidai don raba wannan gardama. Idan muka sa masa suna ƙididdiga, mun haɗa alƙali da masu ƙara a suna ɗaya.

Bari in buɗe ƙari da ragin nan, domin a nan maganar take. Tun 1967 NHL take rubuta shi. Kana kan ƙanƙara ƙungiyarku ta ci, a ƙara maka ɗaya; aka ci ku, a rage maka ɗaya. Amma idan an kori ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu kun fi su yawa, ƙwallon da kuka ci a lokacin ba a ƙara maka shi, alhali lokacin ne ɗan baya irin Karlsson yake jan ragamar hari. Sannan a ƙarshen wasa, ƙungiyar da ake ci da ɗaya takan fitar da golanta ta sa ɗan gaba na ƙari. Wa za a bari a kan ƙanƙara a wannan lokacin? Wanda ya fi iya kai hari. In faifan ya kuɓuce aka jefa a ragar da ba kowa, shi za a rubuta wa ragin. Ƙungiyar da ta sha kashi sau da yawa ta fi kowa cire gola, don haka gwaninta ya fi kowa tara irin wannan bashin. Ga kuma gololin San Jose biyu na wannan kakar, James Reimer da Kaapo Kähkönen, ba wanda ya tare kashi 90 cikin 100 na harbin da aka yi masa. Duk wannan yana cikin 26 ɗin nan, amma lambar ba ta faɗa.

Kalmar da nake kawowa ita ce awo. Awon wasa.

Dalilina shi ne ƙirga da auna ba abu ɗaya ba ne. Mai sayen hatsi a kasuwa zai iya ƙirga buhu goma daidai, amma sai an zazzage an sa tiya zai san ko buhunan cike suke, ko rabi ƙaiƙayi ne. Masu wannan fanni aikinsu ke nan. Ba su tsaya kan nawa aka ci ba, suna tambaya: da wa yake wasa, wa yake fuskanta, a wane gefen fili koci yake fara saka shi, ya ƙungiyar take idan yana ciki, ya take idan ya zauna.

Dubi ma'aunin da ya fi shahara, Corsi. Sunan Jim Corsi ne, wanda ya daɗe yana horar da gololin Buffalo Sabres. Tun da ƙwallon da ake ci a wasa kaɗan ne, kuma sa'a tana da babban rabo a ciki, sai aka koma ga duk wani yunƙurin harbi: wanda ya nufi raga, wanda ya bauɗe, da wanda wani ya tare da jikinsa. A tara na ƙungiyarka lokacin da kake ciki, a gwada da na abokan hamayya. In naku ya haura rabi, alama ce wasan a gidan su ake yinsa. Akwai ɗan'uwansa Fenwick, wanda yake cire harbin da aka tare. Daga baya aka ga ai harbi ma suna suka tara: wanda aka yi daga bakin shuɗin layi, can nesa da raga, gola yana kallo ba daidai yake da wanda aka yi a gaban raga bayan faifan ya dawo daga jikin gola ba. Sai aka fara ba kowane harbi nauyinsa gwargwadon nisa da kusurwa da irin yadda aka buga shi. Wannan shi ne xG da masu kallon ƙwallon ƙafa suke gani a allo bayan an tashi wasa. Da Hausa ni nauyin dama zan ce masa, kuma kun ga yadda ya zauna daram a gidan awo, tun da nauyi ake aunawa.

Malam, na ga shawararka ta nazarin alƙaluma, kuma ba ta da kuskure ta fuskar ma'ana. A takardar jami'a ita zan rubuta. Damuwata ita ce ba ta haihuwa. Me za mu kira mai yin aikin? Me za mu kira Corsi shi kansa? Yaya za mu ce an yi wa ɗan wasa abin? Awo kuwa da iyalinsa yake tafe: a auna shi, an auna shi, mai awo, masu awo, ma'auni, ma'aunai. Mai sharhi a rediyo zai ce "masu awo sun ce bai kai kuɗinsa ba", dattijon da ke sauraro a shago ya gane ba tare da an yi masa fashin baƙi ba. Allah Ya ƙara ilimi, Malam, amma a wannan gaɓar ina nan kan awo.

Hajiya kuma ta tuna mana cewa in aka ce awo kawai, tunanin mata asibiti zai tafi, na magidanta kuma kasuwar hatsi. Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Shi ya sa a farkon magana za a cika shi, awon wasa, daga nan a taƙaita.

Wanda ya kawo tankaɗe da rairaya, kalmar ta yi mini daɗi ƙwarai, sai dai ta fi dacewa da tantance 'yan takara.

Yanzu ɗaya ɓangaren, wato eye test. Da yawa kun rubuto ganin ido. A'a, wannan ba za ta yiwu ba. Aikin ganin ido a wurinmu aikin riya ne, wanda ake yi don maigida yana kallo. In muka laƙaba wa tsohon kocin da ya shekara talatin yana zama a filin wasa yana duba yara wannan suna, mun zage shi tun kafin ya buɗe baki, kuma bai cancanci haka ba. Abin da nake so shi ne shaidar ido. Muna da shaidun gani da ido a labarai kullum, kunne ya saba. Kalmar kuma tana ɗauke da mutuncin abin da iyakarsa a lokaci guda. Shaida yana iya zama mai gaskiya ƙwarai, amma abin da ya faru a gabansa kawai zai faɗa, kuma abin da ya girgiza shi ya fi zama a ransa.

Wannan iyakar ce take cutar ɗan baya mai kai hari. A waccan kakar ta San Jose, Karlsson yakan yi sama da minti 25 a wasa ɗaya. A cikinsu zai ɗauko faifan daga bayan ragarsu, ya kauce wa mai matsa masa, ya miƙa shi tsaf ga ɗan gaba, ya maimaita haka sau da dama, ba wanda ya tafa domin ba abin da ya faru. Rashin faruwar abin shi ne aikin. Sai sau ɗaya ya kutsa gaba, a ƙwace, a juyo biyu kan ɗaya, a ci. Shi za a yi ta maimaitawa a talabijin. Ɗan bayan da ba ya iya fitar da faifan daga gida kuwa, wanda ya wuni yana kwanciya yana tare harbi da ƙafa, yana buga mutane da allon gefe, ido yana ganinsa jarumi. Masu awo suka ce a dakata: me ya sa kullum shi ne cikin tare harbi? Ai don faifan ba ya hannun ƙungiyarsa. Wanda ya zauna gidan kallo lokacin da ake musu kan Trent Alexander-Arnold a Liverpool ya san irin wannan muhawarar, wasan ne kawai ya bambanta.

Kada kuma a ce na mayar da awo wahayi. Awon da ya wanke Karlsson daga wani ɓangare na ragin 26 shi ne kuma yake nuna ana samun manyan damammaki a ragarsu idan yana ciki. Abin da yake cewa shi ne wanda yake kawowa ya fi wanda yake zubarwa, bai ce ba ya zubarwa ba. Akwai kuma abin da sai ido. A 2017 Karlsson ya buga wasannin fitar da gwani da tsagewar ƙashi a ƙafa, ya ja Ottawa Senators har wasa na bakwai na ƙarshen yankin gabas, inda Pittsburgh ta fitar da su a ƙarin lokaci na biyu. Ba ma'aunin da yake rubuta abin da wannan ya yi wa zukatan abokan wasansa.

Misalin da nake so ku riƙe shi ne na watan Yunin 2016, lokacin da Montreal ta ba Nashville P.K. Subban ta karɓi Shea Weber. Subban mai ɗaukar faifai ne ya yi gaba da shi, Weber kuma katanga ne mai harbi kamar aradu, kyaftin da 'yan wasa suke jin maganarsa. Yawancin masu awo sun ce Montreal ta yi asara, tsofaffin 'yan wasa da dama suka ce ta yi riba. Shekara guda bayan haka Nashville ta kai wasan ƙarshe na kofin Stanley, kofin zakarun NHL, da Subban. A 2021 Montreal ta kai nata da Weber yana kyaftin, lokacin tauraron Subban ya riga ya dushe a New Jersey. Ba wadda ta ɗauki kofin. Har yau kowane ɓangare yana da abin nunawa, kuma ina son kalmominmu biyu su iya ɗaukar wannan labarin ba tare da ɗaya ta wulaƙanta ɗaya ba. Awo da shaida duka abubuwa ne da mai hankali yake nema kafin ya yanke hukunci.

Shi Karlsson ma, wanda ya kawo shi Pittsburgh a watan Agustan 2023 shi ne Kyle Dubas, shugaban harkokin wasa na ƙungiyar, wanda aka sani da yarda da awo, mutumin da Toronto ta ɗauka a 2014, shekarar da ƙungiyoyin NHL suka fara ɗibar masu awo a fili. Ya karɓe shi da kwantiragin da San Jose ta sa masa hannu a 2019, dala miliyan 92 a shekara takwas, duk da San Jose ta ci gaba da biyan wani kaso. A Pittsburgh makin Karlsson ya sauko ƙasa da ɗari sosai, ƙungiyar kuma ba ta shiga wasannin fitar da gwani ba a kakarsa ta farko, sai gardamar ta dawo sabuwa.

Saura sunan shi ɗan wasan. Ɗan baya mai kai hari daidai ne, amma ƙanena da ya ce a yi amfani da hawa ya fi ni kunne. A filin unguwa haka muke cewa, lamba biyu ya hau, kar ka hau ka bar baya. Ɗan baya mai hawa ke nan, kishiyarsa ɗan baya mai zama. Bobby Orr na Boston shi ne uban masu hawa: kofin Norris takwas a jere daga 1968 zuwa 1975, maki 139 da ƙarin 124 a kaka ɗaya. A kansa ba a taɓa jin awo da shaidar ido sun saɓa ba. Cale Makar na Colorado da Quinn Hughes su ne masu hawan wannan zamanin.

Ku gwada wannan a bakinku, ku ji ko ya zauna: "A shaidar ido Karlsson yana barin baya a buɗe, amma awo ya nuna nauyin damar da yake ƙirƙira ya fi wanda yake bayarwa." In akwai inda harshe ya yi tuntuɓe, ku nuna mini.

Abu ɗaya ya rage da ban samo masa suna mai daɗi ba: wannan minti biyun da aka kori ɗan wasa ɗaya, ƙungiya take da biyar a kan huɗu. Na yi tunanin lokacin rinjaye, wani ya ce fifikon mutum ɗaya. Malamai da masu sharhin wasanni, ina sauraronku.