Ɗinki uku da na bari rabi: da wanne zan fara a wannan zaman kulle?

Maman Ummi, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin allura. Ni malamar makaranta ce, kuma tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, aka kuma kafa dokar kulle a Kano ranar 16 ga Afrilu, na samu sararin da ban saba samu ba, sai na fito da ayyukan hannu guda uku da suka daɗe a akwati ba a kammala su ba.

Na farko bargo ne na ƙyallaye. Na tara ragowar atamfa daga wajen telata, na yanka su murabba'i-murabba'i, na haɗa kusan rabin fuskar bargon da keke, amma ban sa masa ciki ba, ban kuma yi masa baya ba. Na biyu rigar matashi ce ta ɗinkin giciye, irin wanda ake ƙirga ramukan ƙyalle ana bin zanen da ke takarda. Furannin sun kusa ƙarewa, sai koren zaren ganyen ya ƙare, kuma allurar da ke soke a jikin ƙyallen ta yi tsatsa ta bar tabo a gefe. Na uku hular maigida ce, wadda aka zana mini ita na ɗinke jikinta kusan rabi, ban taɓa samanta ba.

Azumi ya wuce rabi, Salla ta matso, kuma sassaucin da ake yi ranar Litinin da Alhamis na sayen abinci ne, ba na zuwa neman zare a Kwari ko Sabon Gari ba. Da wanne ya kamata in fara? Yaya zan yi da zaren da ya ƙare, kuma mene ne maganin tsatsar?

Malam Tela, Zariya

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya karɓi ibadarmu, ya yaye mana wannan annoba. Mu a Jihar Kaduna tun ƙarshen Maris muke kulle, kuma yawancinmu teloli mun koma ɗinkin takunkumi da ragowar atamfa, saboda haka ƙyallayen da kike da su yanzu kaya ne masu daraja. Zan yi magana a kan bargon, domin shi ne ɓangaren da na sani.

Ra'ayina shi ne kada ki fara da shi. Bargo ba ya da amfani sai sanyi ya shigo wajen Nuwamba ko Disamba, kuma duk wanda ya taɓa ɗora ƙyalle mai ninki uku a cinya cikin zafin bazara, da azumi a baki, ya san ba aikin wannan wata ba ne. Amma akwai abin da za ki iya yi masa yanzu ba tare da wahala ba. Ki wanke fuskar da kika haɗa da sauran ƙyallayen da ba ki haɗa ba, kowane launi daban, domin atamfa sabuwa mai sitati tana tsukewa idan ta sha ruwa, tsohuwa kuwa ta riga ta gama tsukewarta, kuma idan aka haɗa su ba a wanke ba, wankin farko ne zai sa bargon ya tattare ya yi tudu da kwari. A nan ne kuma za ki gane mai zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu, ki fitar da shi tun bai ɓata sauran ba.

Game da ciki, mutane da yawa sukan yi tunanin audugar rimi, saboda da ita ake cusa matashi, kuma da irin wannan cusa ake yin lifidin dawakai da muke gani a hawan Salla. Sai dai lifidi ba a jefa shi a baho a wanke duk wata, kuma ana ɗinke shi layi-layi kusa da juna domin cusar ta tsaya wuri guda. Audugar rimi gajeren gashi gare ta mai santsi, tana gudu ta dunƙule gefe ɗaya idan ta jiƙa. Abin da ya fi miki sauƙi shi ne tsohon bargo marar nauyi, ko tsofaffin zannuwa biyu masu laushi. Ki shimfiɗa bayan a ƙasa ki ɗame shi, ki ɗora cikin, ki ɗora fuskar, sannan ki kafa su da manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa gefe, domin duk rarar ƙyalle ta gudu waje, kada ta taru a tsakiya.

Idan bin layi da allura zai ɗauke ki watanni, akwai hanyar ƙulli: ki ninka zare mai kauri, ki soka ya ratsa ninki ukun ya dawo, ki ƙulla sau biyu ki yanke, ki bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin ƙulli da ƙulli. Kwana kaɗan ake gama shi a haka, kuma yana jure wanki. Shawara ta ƙarshe, wadda na san ba kowa ke sonta ba: rabin da kika haɗa ya isa bargon yaro. Ki tsaya a nan, ki yi masa kalmasa da ƙyalle launi ɗaya, ki ba Ummi, sauran ƙyallayen kuma su tafi takunkumi.

Anti Hajiya, Ingila

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Mu ma a nan tun 23 ga Maris muke gida, kuma mata da yawa masu keken ɗinki sun ajiye nasu ayyukan suna ɗinka wa ma'aikatan asibiti kayan aiki kyauta. Ni ɗinkin giciye na fi yi, don haka bari in ɗauki rigar matashin.

Ki fara da tsatsar kafin ki ƙara ko ɗinki ɗaya, kuma kada dutsen guga ya taɓa wurin, domin zafi yana zaunar da tabon. Kada kuma ki sa bilic, shi ma ƙara kama shi yake yi. Ki matsa lemon tsami a kan tabon, ki barbaɗa gishiri, ki shanya a rana na ɗan lokaci, ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki maimaita idan bai fita duka ba. Tun da kin ce a gefe yake, ki yi ƙoƙari ruwan lemon kada ya kai ga furannin, saboda yana iya koɗar da launin zare. Idan tabon ya ƙi, ki duba ko zai shige cikin kalmasa lokacin haɗa rigar, sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa.

Batun zaren ya danganta da irin wanda kika yi amfani da shi. Idan na kamfanin DMC ne ko Anchor, kowane launi yana da lambarsa a jikin 'yar takardar da ke ɗaure da shi, kuma da wannan lamba ake neman irinsa a ko'ina a duniya. Ki nemi takardar ki adana. Amma ko da lamba ta zo ɗaya, zaren da ya yi shekaru a akwati da wanda aka rina bana sukan ɗan bambanta, balle zaren kasuwa da ba shi da lamba. Dabarar da muke yi ita ce wannan: zaren nan sili shida ne a murɗe, kuma biyu ake cirewa a yi ɗinki da su a ƙyallen Aida mai rami 14 a inci ɗaya. Idan kina da ɗan guntun tsohon koren, ki haɗa sili ɗaya nasa da ɗaya na sabon a allura guda, ki yi layi biyu ko uku da su, daga nan ki ci gaba da sabon zalla, ido ba zai kama inda aka sauya ba. Idan kuwa babu ko guntu, kada ki sauya a tsakiyar ganye. Ki fara sabon koren a sabon ganye, domin ganyen bishiya ɗaya ma ba launinsu ɗaya ba, kuma mai kallo zai ɗauka haka zanen yake.

Ki kuma lura da abu ɗaya da kan faru idan an daɗe ba a taɓa aiki ba: ki duba ɓangaren da zaren sama na kowane giciye ya karkata a tsohon ɗinkin, ki bi shi daidai. Idan sabon ya karkata dama tsohon ya karkata hagu, haske zai nuna su kamar launi biyu ko da zaren ɗaya ne.

A ganina da ɗinkin rigar matashin za ki fara, saboda shi ya fi kusa da ƙarewa, ba shi da nauyi a hannu, kuma ana iya yin sa bayan sahur ko da hantsi. Ban yarda da Malam Tela ba a kan rage bargon. A Indiya akwai al'ummar Siddi, jikokin mutanen Afirka, waɗanda matansu ke yin bargon ƙyallaye da hannu zalla: suna shimfiɗa tsohon zane, su fara jera ƙyallaye daga baki suna zagayawa suna ɗinkewa har su kai tsakiya, babu keke, babu awo. Bargo aiki ne da ke jure jira, ba sai an datse shi don a ce an gama ba.

Yakura, Maiduguri

Salamu alaikum. Yaya Maman Ummi, ni ɗinkin hula ne sana'ata, kuma a nan garin mata da maza da yawa da suka baro Bama da kewayenta saboda rikici da shi suke ci da iyalinsu. Gaskiyar magana, hular nan ba ta wannan Sallar ba ce. Hula mai ƙananan ɗinki takan ci makonni a hannun wanda ba shi da wani aiki sai ita, ke kuma rabin jiki ya rage miki da kai gaba ɗaya, ga haɗawa, ga wanki da sitati da ɗorawa a ice, alhali masu wankin hula ma suna gida. Idan kika yi sauri, jan zarenki zai fi na da tsauri, sai gefe ɗaya ya tsuke, hular ta karkace a kai, kuma wannan ba ya gyaruwa da guga.

Kafin ki koma mata, ki duba ko zanen da aka yi miki bai goge ba, ki bi shi da fensir tun ana ganinsa. Ki ɗauki wani ƙyalle daban ki yi ɗinki kaɗan har hannunki ya dawo yadda yake, sannan ki taɓa hular. Ki kuma auna zaren da ya rage na kowane launi tun yanzu, domin a hula zane yana zagayawa ne ya haɗu da kansa, bambancin launi ba ya ɓuya kamar yadda Anti Hajiya ta ce yana ɓuya a ganye. Idan wani launi ba zai kai ba, ki ɗinke sauran launukan ki bar gurbinsa har kasuwa ta buɗe, ki tafi da hular kanta a gwada a hasken rana. Babbar Salla tana nan wajen ƙarshen Yuli, ita ya kamata ki sa a gaba.

Malam Tela, Zariya

Hajiya, maganarki gaskiya ce ga mai ɗakin ajiya da ba ya ɗaukar laima. Damina na tafe, kuma ƙyallen da ya yi shekaru a ninke yakan ci a bakin ninkin, ga gara, ga ɓera. Idan Malama za ta jira, to aƙalla ta wanke, ta naɗe shi a jikin sanda maimakon ninkewa, kada kuma ta rufe shi a leda.

Maman Ummi, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samo takardar zaren a ƙasan akwatin, ba ta da lamba, amma maƙwabciyata tana da kore mai ɗan duhu da ta miƙo mini ta katanga, don haka zan fara shi a sabon ganye kamar yadda Anti Hajiya ta ce. Tabon ya ragu sosai da lemon tsami, saura ɗan ja-ja da nake jin kalmasa za ta rufe. Hular na bar ta sai bayan Salla, kuma na auna zaren, ruwan toka ne kawai ba zai kai ba. Bargon zan wanke shi gobe in naɗe, ban yanke shawarar girmansa ba tukuna. Malam Tela, idan na zaɓi hanyar ƙullin, wane zare ne ya fi riƙewa, na saƙar kwarashi ko na ɗinkin hula a ninka huɗu?