Wace kalma zan ba "prñnawa" a Hausa?

Hadiza: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 10 zan naɗi shirin tarihi kan mutanen Likiya, waɗanda suka zauna kudu maso yammacin Turkiyya ta yau. Rubutunsu na ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, galibinsa a jikin kaburbura yake. Kalmar da ta tsaya mini ita ce prñnawa. Tushenta gida ne, don a harshen Luwi, ɗan'uwan nasu, parna gida ake nufi. Amma kabari suke kira da ita. Ga shi kuma suna da xupa, wadda ita ce kabari kai tsaye. In na ce kabari duka biyun, na kashe bambancin.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Gidan gaskiya, Malama. Ga gida, ga mutuwa.

Hadiza: Na so shi, Malam, amma mai sauraro lahira zai ji. Wannan kuwa abu ne da ake taɓawa da hannu. A garuruwan Mira da Fetiye, can yankin nasu, dutse suka sassaƙa ya fito kamar gidan katako, har da kawunan itatuwa jere a ƙarƙashin rufi, kamar azara ta leƙo.

Ɗanzinder: Hubbare fa?

Baba Garba: Hubbare na bayin Allah ne, in aka faɗe shi Shehu ake tunawa a Sakkwato. Kuma shi da kabari duk daga Larabci suka samo asali. Kushewa ce tamu. Ni na ce kushegida. 'Ya'yana, sai yaushe za mu daina roƙo a ƙofar wasu?

Malam Sani: Baba, da girmanka, kabari ya zauna a bakin Bahaushe tun kaka da kakanni. Wa zai ce masa baƙo? Kushegida kuwa ko a Kano sai an yi wa mutum bayani.

Baba Garba: To Kano ce kaɗai Hausa?

Ɗanzinder: Wannan tambayar mu ma mun daɗe muna yinta, Baba.

Hadiza: Don Allah ku dawo mini. Ga abin da ya fi damuna: aikatau ɗin ma daga kalmar ya fito. Sukan rubuta cewa wannan prñnawa, wane ne ya prñnawate, wato ya gina shi, domin matarsa da 'ya'yansa. Mutum da ransa yake tanadar wa iyalinsa.

Malam Sani: Ashe Hausa ta riga ta ba ki. Mu ma gina kabari muke cewa, kamar yadda muke gina gida. Ki ce: wannan gini, wane ne ya gina shi. Amon ma ya fito.

Hadiza: Alhamdu lillahi, a cikin jimlar zan sa gini. Wajen bayani kuma in ce gidan kushewa, xupa ta tsaya kabari.

Baba Garba: Gini bai nuna akwai mamaci a ciki ba, 'yata. Amma tunda kushewa ta shiga, ki je da shi. Kushegida dai ban janye ba.