Mai kabu-kabu ya ƙi tsayawa: a bi shi ko a ƙyale?

Ɗan Wadata:
Salamu alaikum. A nan Yamai, in ɗan sanda ya busa usur mai kabu-kabu ya ƙi tsayawa, gara a bi shi ko a ƙyale? Na ji wasu wurare a Amurka doka ta taƙaita bin. Mace-mace sun ragu, ko ƙaruwa suka yi?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da lissafin birki. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, kan busasshiyar kwalta, tana cin kusan mita 14 bayan an taka birki. A 100 kuwa kusan mita 56 ne, ninki huɗu, ba biyu ba. Kafin ma ƙafa ta kai birki, daƙiƙa ɗaya ta cinye mita 28. Mu kuma rairayi ya rufe gefen kwaltarmu, taya na sulɓewa. Wanda ake kora hankalinsa na baya, ba ya ganin amalanke ko yaro mai tsallaka titi a kasuwar Katako. Rashin permi ko hular kwano bai kai ran mutum ba.

Malama Mai Shari'a:
Baba, lissafinka daidai ne, amma jawabin Amurka ba ɗaya ba ne. Jihar Washinton ta ɗaure bin a 2021: sai da ƙwaƙƙwarar hujja kan babban laifi, ko zargin tuƙi cikin maye. Aka yi ta kukan cewa direbobi sun daina tsayawa, aka sassauta a 2023, aka kwance mafi yawan ɗaurin a 2024. Birnin Milwoki ma ya taƙaita a 2010 bayan mutuwar 'yan ba-ruwanmu, ya sassauta a 2017 saboda tuƙin ganganci. Sai dai a kula: a 2021 mace-mace sun ƙaru, mutum kusan 43,000 suka mutu a hanyoyin Amurka, kuma hauhawar ta shafi har jihohin da ba su taɓa dokarsu ba. Ɗora ta kan dokar bi kaɗai rashin adalci ne.

Na Gidan Sufuri:
Malama, abin da ke sa taƙaitawa ta yi aiki shi ne a iya kama mutum daga baya. Jami'i ya ɗauki lamba da launin babur, ya sanar ta oba-oba, babbansa ya yanke a bi ko a daina, a tare a mashiga kamar gadar Kennedy. Kusa da kasuwa, makaranta ko lokacin tashi daga masallaci, a daina nan take. Ɗan fashi mai bindiga lissafinsa daban. Inda tsarin ke karyewa a wurinmu: babur ba lamba, ko an sayar da shi hannu uku takarda na ɗauke da sunan mai shi na farko. In an je gida, wanda ake nema ba shi ne za a tarar ba.